Turaren Katagum a Shafi na Huɗu

Litinin, 3 ga Nuwamba 2008, bayan la'asar

Yau na ga abin da ya hana ni cin abincin rana. Na je kafen Malam Talha da ke hanyar tasha in duba imel. Babu saƙon kowa. Har na ɗauki jaka, sai zuciya ta ce mini, Mas'uda, rubuta "turaren Katagum" a Gugul mana ki ga inda kike. Na rubuta. Ita ce ta farko, can a sama, da sunan Inna a manyan baƙi.

Zan rubuta sunanta sau ɗaya don kada a ce tsoro nake ji: Jannatu. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda na goya har bayana ya san nauyinta. Daga yau "waccan" ce.

Nawa shafin kuwa, wanda Malam Talha ya haɗa mini tun bara, sai da muka yi ta danna gaba, gaba, har shafi na huɗu, sannan muka tsinto shi a ƙarƙashin wani labarin ambaliyar ruwa. Malam Talha ya ce, cikin ladabinsa na tsohon malamin lissafi, mutane ba su cika kaiwa shafi na huɗu ba. Na ce na gode da ta'aziyya.

Ba kishi nake ba. Magana ce ta gaskiya. Duk ƙasar nan an san turaren wutar Innarmu Ya Kellu da humrarta, tun daga Gololo har Kaduna, har Jidda. Da tana da rai, aike ake yi mata garin Katagum. Yanzu da ta rasu, matan nan na nesa 'ya'yansu suke sawa su nemo musu a kwamfuta, wadda suka fara gani kuwa ita ce magajiyar Ya Kellu, magana ta ƙare. Ni ce babba. Ni na fara daka kajiji a gabanta, ni ta fara ranƙwasa don na bar sandal ya ƙone. Aure ne kawai ya kawo ni Azare. Sunan Inna nake so ya zauna inda ya dace.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Kwalabe na nan jere a kan kanta suna kallona. Bukukuwan bayan Sallah sun matso, waya shiru. Na ba maigidana Baban Hadiza labari, ya ce ai abin farin ciki ne, 'yar'uwata ce. Na zuba masa shayi na manta suga. Da gangan na manta.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Na koma kafe na ce wa Malam Talha ya gaya mini laifin shafina, kada ya ji nauyina. Bai ji ba kuwa.

Na farko, taken shafin "Barka da zuwa" ne. Ya tambaye ni wace mace ce za ta zauna a Kaduna ta rubuta "barka da zuwa" alhali turare take nema. Na biyu, ni da na koyar da Hausa a firamare, na nace tun bara sai an rubuta ƙamshi da lanƙwasa, kamar yadda Allah ya yi shi. Ya ce babu mai neman sa da lanƙwasa, "kamshi" kowa ke bugawa, kuma a wasu kwamfutocin harafin nawa akwati yake fitowa. Wato shekara guda ina tallar akwati-amshi. Na ce ya cire, amma ya sani zunubin yana wuyansa.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni haushi. Ya ce Gugul kamar masu binciken aure yake. Ba ya tsayawa a kan abin da ka faɗa game da kanka, sai ya zaga ya ji wa ya ambace ka. In wani shafi ya sa rubutu mai shuɗi wanda in an danna zai kawo mutum wurinka, linki ke nan, to ya yi maka shaida. Ni babu wanda ya yi mini shaida a duk faɗin duniya. Waccan kuwa wata ƙungiyar mata masu sana'a ta ambace ta, da wata jarida.

Na tambaye shi yadda aka yi mai zama a garin Katagum, inda ko kafe babu, ta sami shafi. Ya yi ta gyara gilashi. Ashe mijinta Bunu, malamin sakandaren nan, shi ke hawo babur ya zo Azare, ya zauna a kujerar da nake zama. Na ce ashe kai ne ungozomar duka biyun. Ya ce shi kafe ya buɗe, ba kotu ba.

Ya ce in buɗe shafin nata in ga yadda ta tsara. Na ƙi. Na ji an ce duk dannawa ƙara wa mutum girma take yi. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ba da yatsana ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da yamma

Na shiga kasuwa sayen suga da kwalabe. Wata mata ta bi ni da hanci har rumfar masu atamfa, ta ce baiwar Allah wane turare ne wannan. Na ji daɗi, na gyara mayafi, na fara bayani. Sai ta ce, "Au, ko ke ce yayar mai turaren nan ta Katagum?"

Yayar mai turare. Ni. Na ce mata eh, ni ce mai yi mata wanki.

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan magariba

Baban Hadiza ya dawo daga sakatariya da takardu ya zube a kan tabarma. Ina kawar da su idona ya faɗa kan tambarin da ke sama: Ƙaramar Hukumar Katagum, Azare. Na daɗe ina kallo.

Na ce masa, shin mu nan a ina muke? Ya ce Azare mana. Na ce a takarda nake nufi. Ya ce a takarda ai Katagum muke, hedikwatar ma nan ce, sarkin Katagum ma a nan yake zaune. Garin Katagum shi kuwa a Zaki yake. Ya faɗa yana dariya, don wannan ruɗanin ya sha ɓatar musu da baƙi a ofis.

Wato a dokar gwamnati ni ce a Katagum, waccan 'yar Zaki ce. Ban taɓa son gwamnati kamar yau ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da hantsi

An gyara shafi. Take yanzu: Turaren Katagum na Asali, Gadon Ya Kellu. Na sa Malam Talha ya rubuta bayanin kowane turare da sunansa, na ɗaki daban, na kaya daban, humra fara da baƙa, da yadda ake soya farce, wannan ɓawon na teku, har ƙarninsa ya fita. Ya ce hakan ya yi kyau, Gugul yana son shafi mai magana.

Sannan na ce ya goge Azare. Duk inda take. Adireshi ya zama Katagum, Jihar Bauchi, da lambar waya.

Ya cire hannu daga kan kwamfutar. "Hajiya, mai nema zai same ki a Gugul. Mai zuwa da mota fa?"

Na ce ga lamba nan. Kuma duk mai zuwa Katagum ta ina zai bi in ba ta Azare ba? Ko tsuntsu ne sai ya sha ruwa a nan. Na ce ya nuna mini ƙarya ɗaya a cikin abin da na rubuta. Ya ce babu ƙarya, amma gaskiyar ta sa niƙabi. Ya dai goge.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da safe

Shafi na huɗu.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan azahar

Shafi na huɗu. Malam Talha ya ce sai Gugul ya zagayo, kamar mai duba gari, ba ya faɗin ranar zuwansa.

Na ji wasu a kafen suna cewa akwai dabara. A rubuta kalma sau ɗari da farin rubutu a kan farin bango, mutum ba ya gani amma injin yana karantawa. Na ce a yi mini. Ya ce in aka kama ni za a cire ni gaba ɗaya, ko shafi na arba'in ba zan samu ba, kuma shi ba zai yi ba. Da ya ambaci arba'in sai na ji kaina ya sara. Na tashi na tafi gida.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ban so in rubuta na yau ba.

Ina zaune a kafe, na zuba wa shafi na huɗu ido, wani abu ya faɗa mini a ido ina gogewa da bakin mayafi. Sai na ji sallama a kaina. Bunu ne, da hular kwano a hannu. Ya durƙusa har ƙasa ya ce Adda ina wuni. Na san ya ga allon. Mutum mai gilashi biyu ba abin da ke wuce shi.

Ya ce mutanen gida suna gaishe ni. Na ce ina amsawa. Ya ce tana yawan zancena. Na ce Allah ya sa na alheri ne. Ya miƙo mini ƙunshin busasshen kifi na bakin kogi, wai dama zai biya ta gida ya ajiye. Na ce ba ma cin kifi yanzu.

Ya bar shi wurin Malam Talha. Na ɗauko, don kada ya cika wa mutane kafe da ƙarni. Miyar ta yi daɗi, wannan ba laifina ba ne.

Tun ranar arba'in ɗin Inna ban taka gidan ba. Abin da aka faɗa a tsakar gida a gaban dangi an faɗe shi, ba zan maimaita a nan ba. Wanda ya yi jinya ya yi, wanda aure ya riƙe a wani gari ya riƙe shi, Allah ya san komai. Babbar kwalbar Inna, uwar humra, wadda ba ta taɓa ƙarewa ba tun muna yara don kullum ana ɗiba ana ƙarawa, tana can. Ban tambaya ba, ba a miƙo ba. Ban damu ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Ban damu ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, bayan azahar

Shafi na biyu. Na sa Malam Talha ya sake bugawa har sau uku don kada ya zama idona ne. Na ce ka gani ko, Katagum ta yi aiki. Ya ce Allah ya ƙara ɗaukaka, yana kallon fanka. Mutumin nan ba ya son ya yarda mace ta fi shi dabara.

Litinin, 1 ga Disamba, da hantsi

Shafin farko, ta uku. Waccan ta ɗaya, wani bayanin tarihin masarauta a tsakaninmu kamar mai rabon faɗa. Waya ta yi ƙara sau biyu yau, wata daga Gombe, wata daga Jos. Ƙananan saye ne, na kai tasha an tafi da su.

Na kwana biyu ina tunanin ko ta sani. Ko tana dubawa. Abin da zai fi ƙona mini rai shi ne a ce ba ta dubawa.

Laraba, 3 ga Disamba, bayan la'asar

Ta ɗaya.

Ni ce a sama, ita a ƙasana, kamar yadda aka haife mu. Na saya wa duk wanda ke kafen lemo. Na dawo gida na turara ɗaki da na musamman, na zauna ina jiran daɗin ya zo. Ya zo, amma bai kai yadda na auna ba. Baban Hadiza ya ce to yanzu sai a kira Katagum a yi zumunci tunda an ci yaƙi. Na ce wa ya ce masa yaƙi ake yi.

Juma'a, 5 ga Disamba, bayan sallar Juma'a

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Wata Hajiya Lauratu ta kira daga Abuja. Murya irin ta waɗanda ba su saba a ce musu a'a ba. 'Yarta ce ta nemo mata ni a kwamfuta. Ta ce da can mijinta ya yi aikin gona na gwamnati a Katagum, tana amarya, Ya Kellu ce ta haɗa mata turaren da har yau take jin sa a hanci. Ba ta san ta rasu ba sai a shafina. Ta yi mini ta'aziyya har muryarta ta karye. Yanzu za ta aurar da autarta ƙarshen wata, kuma tana da kantin kayan amare, tana son wanda zai riƙa kai mata duk wata, da sunan Ya Kellu a jikin kwalba. Amma ba ta sayen turare a waya, sai ta shaƙa da hancinta. Za ta zo Asabar ɗin bayan Sallah.

Na buɗe baki zan yi kwatance, sai ta ce, "Kada ki wahalar da kanki, 'yata, na san gidan. Tsamiyar nan ta ƙofar gida tana nan?"

Na ce tana nan.

"Ke ce babbar ko? Mai fushin nan, da kike zama a bayan turmi?"

Na ce ni ce.

Tsamiya tana nan. Ni ce babba. Ina ƙarya a ciki? Da na ce mata Azare nake, tambaya ta gaba ita ce, to wa ke gidan?

Litinin, 8 ga Disamba, ranar Sallah, da yamma

An yi layya lafiya. Na ajiye waya kusa da turmi duk yini saboda masu saye. Ƙarami ke kiran babba ranar Sallah, haka muka taso. Waccan ta turo saƙo ta wayar Bunu: Adda barka da Sallah. Saƙo. Ko murya ban isa a ji ba.

Laraba, 10 ga Disamba, bayan azahar

Gidan nan ya zama kasko. Na soya farce, na jiƙa sandal, na tace humra har yatsuna sun yi ja. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna tambaya ko biki ne. Wannan haɗin ya fi duk wanda na taɓa yi. Na shaƙa na rufe ido, saura kaɗan ya zama na Inna. Wannan kaɗan ɗin na san inda yake, yana cikin wata kwalba a ƙarƙashin gado a wani gari.

Baban Hadiza ya ce in kira matar nan in gaya mata gaskiya tun da sauran lokaci, ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ce ba rami na haƙa ba, hanya na tare. Ga shirin: ranar Asabar zan riƙa kiranta ina tambayar inda suka kawo. Da sun doso Azare sai in ce ai na shigo gari, ga kayan ma a nan gidana na aure, ta huta da sauran tafiyar. In ta shaƙa, tsamiya ba za ta ƙara faɗo mata a rai ba. Ya ce in kuma ba ta biyo ta nan ba fa? Na ce ta sama za ta bi?

Asabar, 13 ga Disamba, da safe

Na kira. Ta ce a Kano suka kwana, sun kama hanya. Na share tsakar gida, na shimfiɗa sabuwar darduma, na dafa zoɓo da kaza.

Asabar, da hantsi

Ba ta shiga. Matsalar sabis ce, hanyar akwai wuraren da babu.

Asabar, bayan azahar

Ba ta shiga. Na aiki Baban Hadiza shataletale ya tsaya ya duba mota mai lambar Abuja. Ya sa takalmi ya tafi. Garwashi ya mutu na sake hurawa.

Asabar, bayan la'asar

Kaza ta huce.

Asabar, bayan magariba

Ta kira da kanta.

Direbanta ɗan Haɗeja ne. Da ya ji Katagum sai ya ce ai ba sai an zagaya ta Azare ba, ya bi da ita ta garinsu, suka faɗo garin ta arewa. Shekara nawa ina Azare, ban taɓa tunanin akwai mai shiga Katagum ta wata ƙofa ba.

Ta ce ta ga tsamiya ta fashe da kuka. Ta ce ƙanwata ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta zaunar da ita a ɗakin Ya Kellu, ta buɗe mata babbar kwalba. Ina riƙe da waya ina jiran ta ce, ashe ke maƙaryaciya ce. Ba ta ce ba.

"Ta gaya mini kina Azare wurin maigidanki, ba ki samu fitowa ba. Ta ce ke kika rubuta shafin nan don sunan mahaifiyarku kada ya ɓace. Allah ya yi miki albarka, kin yi aikin babba. Amma 'yata, ƙamshin Ya Kellu yana hannun yarinyar nan, kamar ta tashi daga kabari. Na ba ta aikin duka. Ai gida ɗaya ne."

Na ce eh, gida ɗaya ne. Na ce Allah ya kai su lafiya.

Lahadi, 14 ga Disamba, da hantsi

Na kai wa maƙwabta kazar. Kwalaben na rufe su da zane, ba na son ganinsu.

Da ta tona mini asiri da na san abin da zan yi da ita. Da na sami abin riƙewa. Sai ta rufa. Ta karɓi baƙuwata, ta karɓi aikina, ta karɓi sunan Inna, sannan ta ɗora mini ladar da ban nema ba. Mako shida na yi ina gini, ashe hanya nake share wa mota zuwa ƙofarta. Baban Hadiza ya fara cewa hassada ga mai rabo, na kalle shi, bai ƙarasa ba.

Kishi nake. To, na rubuta. Kishi nake, har cikin haƙorana nake jin sa.

Talata, 16 ga Disamba, bayan azahar

Na je kafe in ce a mayar da Azare. Har yanzu ni ce ta ɗaya. Na ce wa Malam Talha ko ba komai dabarata ta hau da ni, mota ce kawai ta ci amanata.

Ya cire gilashi ya goge. Ya ce an roƙe shi kada ya faɗa, amma shi malamin lissafi ne, ba ya iya ganin an ba da amsa daidai ta hanyar da ba daidai ba. Ya ce take da bayanin sun taimaka, amma shi a ganinsa ba su kaɗai suka ɗaga ni daga na huɗu zuwa na ɗaya ba. Ya buga wani abu wanda ke nuna duk shafukan da suka ambaci nawa. Guda ɗaya ne tak a duniya.

Na ce ba zan danna ba. Ya ce to shi zai danna, yatsansa ne.

Shafin nata ba shi da wani kyau, hoton ma ya karkace. Amma a sama, kafin sunanta, kafin lambarta, ga rubutu mai shuɗi: Turaren Katagum na asali, hannun Adda Mas'uda, babbar 'yar Ya Kellu. A ƙasansa da baƙin rubutu: Ita ta koya mini. Tana Azare, bayan makarantar firamare, gida mai koren ƙyaure.

Ya ce washegarin ranar kifi Bunu ya dawo da rubutun a takarda, da hannunta. Bunu ya gaya mata in aka sa wannan za ta iya sauka ƙasa, shaidar da ta tara za ta koma kaina. Ta ce a sa.

Wato makonni uku adireshina na Azare yana intanet, a shafin da na rantse ba zan buɗe ba. Ni na goge, ita ta rubuta. Ranar da na saya wa mutane lemo, a kafaɗarta nake tsaye.

Na zauna har lokacina ya ƙare, allon ya rufe kansa. Ban yi kuka ba, fankar kafen ce take kaɗo mini abu a ido. Na goya yarinyar nan. Na riga ta haihuwa, na riga ta aure, na riga ta sanin turmi. Ko a wannan ma sai da ta riga ni.

Malam Talha ya mayar da Azare. Sannan ya tambaya, yana kallon fanka, ko akwai wani shafi da nake so nawa ya ambata. Na ce babu. Na ɗauki jaka.

Laraba, 17 ga Disamba, da safe

Na koma na ce ya sa. Jannatu, garin Katagum, gida mai tsamiya. Ya tambaya a sama ko a ƙasa. Na ce a sama, amma da ƙananan baƙi.